A Gadon Bayan Injiniya

Shekara talatin da ɗaya Inna Mai Hoto ta yi tana cewa mutane su yi murmushi, amma kaf layin nan ba wanda zai rantse ya taɓa ganin haƙoranta. Shagonta na tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗinkin labule. Daga gaba akwai benci da madubi, da mataji ɗaure da zare don kada ya bi wani gida. Daga ciki kuwa farin ƙyalle ne a bango, da fitilu biyu masu lema, da wata kujera da ƙafarta ɗaya ta gaza sauran, kowa ya zauna sai ya gyara zama sau biyu. Mijinta ne ya buɗe shagon, ya koya mata aikin don ta riƙa tsare masa in ya fita, ta kuwa koya har ta fi shi. Allah ya ji ƙansa, har ya koma bai taɓa yarda da haka a baki ba, amma duk aikin da ya yi wuya ita yake tura wa.

Bara ne hannunta na dama ya fara rawa. Da fari ta ɓoye abin kamar yadda ake ɓoye yagewar hammatar riga. Ta koma zuba shayi rabin kofi, ta daina yanke farce a gaban jikoki. A shago ba matsala, don kyamara na zaune bisa ƙafarta mai rassa uku, Inna sai dai ta taɓa madanni ta janye. Asiri ya tonu ne ranar da wata makaranta ta kira ta ɗaukar hoton yaye ɗalibai, inda dole ta riƙe kyamara a hannu tana bin yara. Hotuna arba'in ta kai, shugabar makarantar ta dawo da talatin da uku a ambulan, ta ajiye a benci cikin ladabi, ta ce yaran duk sun fito da kai bibbiyu.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin mako ya zagayo 'ya'yanta biyu suka zo gida tare, abin da ba su saba ba. Ƙaramar ma'aikaciyar jinya ce, ita ta zo da sunan ciwon da takardar magani. Babban kuwa, wanda kowa ke kira Injiniya har da matarsa, shi ya zo da tsari. Ya ce akwai abokinsa mai sayar da wayoyi da zai karɓi shagon, Inna ta huta, ta yi wasa da jikoki, ta daina tsayuwa tun safe. Kada a ɗauki alhakinsa, ba mugu ba ne. Irin mutanen nan ne da in suna ƙaunarka sai sun tsara maka rayuwa a takarda, sun ja layi a ƙarƙashi.

Inna ta saurare su har suka gama, ta ce ta ji. Daga nan ta gaya musu abin da ba su sani ba. Manajan sabon otal ɗin da ke bakin gari, wanda ita ta ɗauke shi hoto tun yana rarrafe, ya zo da kansa yana son hoto guda babba da zai cika bangon ɗakin karɓar baƙi. Tuddan yashi yake so, daidai faɗuwar rana. Hoto mai wannan girma ba ya rufa wa kowa asiri, in hannu ya motsa ko da kaurin gashi ne, bango zai faɗa wa duk mai shigowa.

“Zan je in ɗauka,” in ji ta. “In ya fito dishi-dishi, ga makulli, ka kai wa abokinka. In ya fito garau, kada wanda ya sake kawo mini maganar hutu a gidan nan.”

Injiniya ya ce ya yarda, ya kuma ce shi zai kai ta a motarsa. Saurin da ya yi wajen yardar ne ya yi mata ciwo. Ko ɗan jim bai yi ba, kamar mai sayen abin da ya tabbatar an riga an karya masa farashi. Ta tashi ta kwashe kofuna da hannun hagu.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun ana gobe za su tafi ta shirya jakarta. Ta goge idon kyamara, ta cika batura, ta sa ƙaramin burushi na kakkaɓe yashi, ta naɗe ƙafar kyamara a cikin tsohon tawul. Da safe Injiniya ya zo, tana can tana neman takalmin da ba ya shan yashi, ya buɗe jakar ya ga ba a jera kayan yadda zai jera su ba. Shi kuwa bai iya ganin abu ya bar shi yadda yake, ko tabarmar masallaci ce sai ya ja ta ta daidaita da bango. Ya fito da komai ya sake shiryawa, ya zuge zif, yana jin daɗin ya taimaka.

Tafiyar awa huɗu ce. Suka bar kwalta, suka bi burji, burjin ma ya gaji ya bar su. A hanya ya yi ta ba ta labarin wata dattijuwa, uwar abokin aikinsa, da ta ajiye sana'a ta yi ƙiba ta yi kyau. Inna ta ce ai ita ma ta san matar, ita ta ɗauke ta hoton fasfo, kuma tun matar na sana'ar ba abin da ta iya sai ƙibar. Daga nan suka ci gaba da tafiya har suka tsaya inda tayoyi suka fara nutsewa.

Tuddan na gabansu, manya, wani na bin wani har inda ido ya ƙare. Injiniya ya saɓa jaka ya riƙe ƙafar kyamara, ya nufi mafi tsayi kai tsaye, don a iliminsa gajeriyar hanya ita ce miƙaƙƙiya. Inna ta kira shi da muryar da ta daina amfani da ita tun yana firamare. Ta ce ya dawo, kuma ya dawo a kan sawunsa. Ta nuna masa fuskar tudun, yadda iska ta kwana tana yi mata ƙananan layuka kamar an taje ta. Ta ce wannan fuskar ita suka zo ɗauka, kuma taku ɗaya ya isa ya ɓata aikin da iska ba za ta gyara ba sai gobe. Mai hoton yashi ba ya taka abin da zai ɗauka, ta baya yake zagayawa kamar ɓarawo.

Suka zagaya, zagayen ya ci kusan awa guda. Hawan yashi kuwa wulaƙanci ne, ka yi taku uku ya ƙwace biyu. Inna na da shekara sittin da huɗu da gwiwoyi masu ƙorafi, amma da ya miƙo hannu zai riƙe ta sai ta yi kamar ba ta gani ba. Shi ne ma ya fara haki, da farar rigarsa ta ofis da takalmi sau-ciki cike da yashi. Da suka kai ƙoli ya zube zaune, ita ta tsaya tana dubawa.

Nan ne wurin. Daga inda suke, ƙaton tudun ya kwanta a gabansu, doronsa ya lanƙwasa ya gangara cikin kwari, bayansa wasu biyar sun jeru suna raguwa. Ta miƙa hannu sosai, ta jera yatsu tsakanin rana da ƙasa kamar yadda mijinta ya koya mata, kowane yatsa kwata na awa ne. Yatsu biyu suka rage. Hannun na ta kaɗawa a sararin sama inda ba abin da zai ɓoye shi, Injiniya ya sunkuyar da kai yana zazzage takalmi.

Ta kafa ƙafar kyamara, ta danna rassan cikin yashi har suka kama, ta ɗauko kyamara za ta ɗora. Sai ta juya gindinta ta tsaya. Akwai wani ɗan ƙarfe mai faɗin akwatin ashana da ake ɗaurewa a ƙarƙashin kyamara, shi ke shiga bakin ƙafar ya kulle. Shekara tara yana ɗaure a wurin ba ta taɓa cire shi ba. Yanzu ba komai sai ramin kusa.

Ta zazzage jakar a kan tawul, ta duba kowane aljihu. Sannan ta ɗago ta dube shi.

Injiniya ya leƙa gindin kyamarar. Ya ce wani ɗan ƙarfe ne baƙi? Ya ce shi ya kwance shi da safe, don ya hana kyamarar zama daidai a cikin jaka, ya ajiye shi a kan tebur kusa da filas da nufin sa shi a aljihun gefe. Yana maganar muryarsa na yin ƙasa.

“Da ka ce mini makullin kake so da gaggawa, ai da na ba ka a gida,” in ji Inna. “Ba sai ka wahalar da motarka ba.”

“Inna, wallahi ban san amfaninsa ba.”

“Injiniya guda bai san amfanin ƙarfe ba.”

Maganar ta shige shi, ta gani a fuskarsa, kuma a lokacin ba ta damu ba. Ranta ya ɓaci ƙwarai, har da tsoro a ciki, irin tsoron da ba ta taɓa yarda ta ji ba tun ranar ambulan ɗin nan. Ta gwada ɗora kyamarar haka nan bisa kan ƙafar, nauyin idon ya rinjaye ta gaba, da ƙyar ta tare ta. Ta riƙe a hannu, ta manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ta ɗauka sau uku. Ba sai ta faɗaɗa hoton ba, doron tudun ya fito biyu-biyu. Ta tara yashi ta ɗora kyamarar a kai, amma daga ƙasa leɓen tudun da suke kai ya tare kwarin gaba ɗaya. Ta ɗora a kan jaka, jakar ta lotse. Abin da take bukata tebur ne mai tsayin gwiwa, kuma a duk faɗin wurin ko dutse babu.

Rana ta rage yatsa ɗaya. Yashin ya fara sauya launi, daga fari-fari zuwa ruwan zuma, inuwoyi suna tsawo a cikin kwarin. Injiniya ya matso ya ce a hankali su haƙura, laifinsa ne, ba za a ƙirga yau ba, zai sake kawo ta wani makon. Da wata ce da ta karɓa, don magana ce ta adalci. Amma Inna ta ji tausayi a cikin muryarsa, kuma ta san in ta sauka daga tudun nan da tausayi a maimakon hoto, ta riga ta miƙa makullin ko da yana cikin jakarta.

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta auna shi kamar yadda take auna mai hoton fasfo. Mutum ne mai faɗin baya, ya gaji ubansa.

“Durƙusa,” in ji ta. “Hannu da gwiwa, nan daidai, ka ba tudun gefenka.”

Ya dube ta ya ga ba wasa take ba. Ya waiga hagu da dama.

“Wa kake nema? Ba kowa a nan sai ni da Allah, kuma mu biyun mun gan ka a halin da ya fi wannan.”

Ya durƙusa. Ta cire mayafinta ta ɗebi yashi a ciki, ta ƙulle shi ya zama ɗan matashi, ta ɗora a gadon bayansa tsakanin kafaɗu da ƙugu. Ta dasa kyamarar a kai, ta murza ta har ta zauna. Ta ce ya ƙara buɗe hannuwa, ya sauke ƙugu kaɗan, ya daina ɗaga kai kamar raƙumi. Sannan ta gaya masa yadda za a yi. Za ta sa kyamarar ta ƙirga daƙiƙa biyu kafin ta ɗauka. In ta ce ja, ya ja numfashi, ya saki rabi, ya riƙe sauran har sai ya ji ƙarar.

“Kuma ka ji da kyau,” ta ƙara. “Yanzu hoton nan a bayanka yake. In ka motsa, ba mai cewa da gangan ka yi, ko ni ba zan iya rantsewa ba. Shago ya zama na abokinka. Sai ka zaɓa.”

Ta durƙusa a gefensa, gwiwoyinta suka yi ƙara, ta sa ido a kyamara. Don ta daidaita hoton dole ta jingina hannuwanta a bayansa, kuma a nan ne abin da ta yi wata goma sha huɗu tana ɓoyewa ya fita daga hannunta. Rawar ta bi ta cikin rigarsa ta shiga jikinsa. Ba irin 'yar kaɗawar da yake hanga daga nesa ba ce, wadda take rufewa da gyaran ɗankwali. Karkarwa ce mai ƙarfi da ba ta tsayawa, tun daga kafaɗa, har hagun ma ya fara karɓa. Ta ji bayansa ya sandare a ƙarƙashin hannunta, ta san ya ji. Kunya ta kama ta kamar an yaye mata zane a kasuwa, amma ba ta ɗauke hannun ba sai da ta gama abin da take yi.

A cikin kyamarar kuwa rana ta taɓa ƙasa. Fuskar tudun ta yi ja kamar garwashi, ɗaya gefen ya yi baƙi, doron ya raba su da layi siriri tun daga sama har cikin kwari. Kowane ɗan layin da iska ta zana ya sami inuwarsa. Wannan hasken ba ya wuce minti biyar, kuma ba ya jiran kowa.

“Ja.”

Ya ja, ya saki rabi. Ta taɓa madanni ta ɗauke hannuwanta duka biyu ta rungume su a ƙirji. Ɗaya, biyu, kyamara ta yi ƙara. Ta sake, ta sake. A na huɗu wani ƙuda, Allah kaɗai ya san daga inda ya fito a wannan fili, ya sauka a kunnen Injiniya ya yi ta yawo. Inna na kallon kunnen, tana kallon jijiyar wuyansa da ta miƙe, gumi na ɗiga daga haɓarsa yana huda yashi. Ko gezau bai yi ba. Sau tara ta ce ja, sau tara ya riƙe, har jan ya dushe ya koma toka-toka, ta ce ya isa.

Ta ɗauke kyamarar, ya juya ya zauna daɓas yana mayar da numfashi, tafin hannunsa duk shaidar yashi. Ta yi ƙoƙarin faɗaɗa hoton a bayan kyamara don ta duba, amma yatsan ya ƙi sauka a kan ɗan madannin, sai zamewa yake. Ta gwada sau uku. Sannan ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba, ta ce ya faɗaɗa har ƙarshe, ya bi doron tudun, ya gaya mata gaskiya.

Ya daɗe yana dubawa. Na farko ya ɗan motsa, in ji shi, na biyu ma haka. Ya wuce na uku, ya tsaya a na huɗu. Ya faɗaɗa, ya matsa gefe, ya sake faɗaɗawa, ya kawo fuskarsa kusa.

“Ana ganin ƙwayar yashi ɗaya-ɗaya,” ya ce. “Ya fito, Inna. Garau.”

Ta karɓa ta duba da kanta, don ba ta taɓa sayen hoto da bakin wani ba. Haka ne kuwa. Layin doron ya fito siriri guda ɗaya tak, ba ɗan'uwa a gefensa. Daɗi ya cika ta har wuya, ta ji kamar ta yi guɗa, amma sai ta ce kawai ya tashi su yi salla kafin duhu ya rufe sawunsu. Ta kwance mayafin ta zazzage, ta shiga mayar da kaya cikin jaka yadda ita take jera su.

Bai tashi ba. Da ta waiga sai ta ga yana share ido da bayan hannu, yashi na manne masa a kumatu. Ƙaton mutum mai 'ya'ya uku, yana kuka ba sauti.

“Inna, na ji hannunki,” ya ce. “Ban san ya kai haka ba. Me ya sa ba ki faɗa ba?”

Ta zuge zif ɗin jakar, sai a karo na biyu ya kama. Ta zauna kusa da shi, ta ɗora hannun a cinyarta a fili, suka zuba masa ido su biyu yana ta abinsa.

“Kana tsammani ban sani ba? Ni nake kwana da shi, ni nake tashi da shi. Na san ba zai bar ni ba, na kuma san akwai ranar da ko madannin ba zan iya samu ba. Wataƙila baɗi, wataƙila kafin nan.” Ta juyo ta dube shi sosai. “Amma ni zan faɗi ranar. Ba kai ba, ba ƙanwarka ba, ba mai wayoyi ba. Abin da ya rage mini ke nan, kuma ba zan ba ka ba.”

Ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa. Sannan ya miƙe ya saɓa jakar, ya tsaya yana jira ta nuna ta inda za su sauka.